Yaren da Aka Aike Ni In Bincika

Kowa a majami'armu ta Kafanchan ya san halina. Idan mahauci ya ce naman na yau ne, sai na sansana. Idan maƙwabciya ta yabi zanena, sai in wuni ina tunanin abin da take shirin ara. Mijina ma yakan ce da zan sami hali, da na bincika takardar aurenmu in ga ko sa hannun Fasto na gaske ne. Da wannan halin na yi shekaru ina sakatariyar zumuntar mata.

A zumuntarmu akwai Bajju, akwai Atyap, akwai Ham, ga mutanen Kagoro, ga 'yan gari. Duk shekara idan babban taro ya matso, sai mun yi rigima kan yaren da za mu yi waƙar musamman da shi. A ce Hausa, wasu su ce yaren kasuwa ne, aro muka yi. A ce Turanci, tsofaffi su ce an kore su. A ɗauki yaren wasu, sauran su rufe baki su bar masu shi su rera kayansu. Wata shekara har tulun da muke kiɗa da shi ya fashe a cikin gardamar, kuma har yau ba wadda ta yarda ita ta ture shi.

A irin wannan zaman ne Malama ta miƙe. Tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya, mijinta ya rasu, ta koma Kagoro wurin 'yarta, amma ba ta daina zuwa sujada wurinmu ba. Ta ɗaga wani littafi mai baƙin bango ta ce ta daɗe tana ƙera yare sabo, wanda ba na kowa ba ne, da haruffansa da ƙa'idarsa, har ta yi waƙoƙi a ciki.

"Abu ɗaya ya rage," in ji ta. "Ni kaɗai nake jin shi. In ban samu mutum na biyu ba, ranar da na mutu shi ma ya mutu."

Aka fara raɗa. Bayan an tashi, shugabarmu ta ja ni bayan ofis.

"Sakatare, wannan abu bai kwanta mini ba. Ko Malama ya ɓoye yarensu a ciki, ko kuma rubutun na tsafi ne. Ki je kamar kina son koyo, ki kawo mana ripot."

Ban yi musu ba. Gaskiya ma daɗi na ji.

Kowace Talata da Juma'a sai in rufe shagon ɗinkina da rana in hau mashin zuwa Kagoro. Muna zama a gindin mangwaro, dutse yana bayanmu, 'yarta ta kawo mana kunun acca. Malama ta fara da haruffa. Daga gona da tsakar gida ta ɗebo su: wannan fartanya ce, wannan reshen citta, wancan sawun kaza, wancan bakin tulu. Kowanne da ja ɗaya ake rubuta shi ba a ɗaga hannu, don tsohuwa mai rawar hannu ta iya zana shi a ƙasa da yatsa. Kowace kalma da baki buɗe take ƙarewa, don a iya jan ta a waƙa. Babu bambancin mace da namiji, kuma da na tambaye ta dalili sai ta yi dariya.

"'Yata, Hausar da muke yi a nan yana raba su ne? Me zai sa in ɗora wa mutane wahala?"

Ina murmushi ina gyaɗa kai, a zuci kuwa ina cewa za ki yi bayani. Ba na so ta ga ina kwafa, don haka haddacewa nake yi, in na dawo gida in juye a takarda. Ranar Lahadi in tare mace ɗaya daga kowane yare, in karanta mata kalmomin in tambaya ko ta ji nasu a ciki. Babu wadda ta ji. Maimakon hankalina ya kwanta, sai zargina ya ƙaru, don a ganina abu ba ya fita tas haka sai an yi masa wanki na musamman.

Ran nan ta ce in raka ta Kachia ranar kasuwa. Na ce yauwa, yau zan ga masu ba ta kayan tsafin. Ashe aikinta ke nan duk lokacin da ta ƙera sababbin kalmomi. Takan tsuguna wurin tsofaffi masu daddawa da masu citta, ta faɗi kalma ta ce, "Wannan yana nufin wani abu a yarenku?" In aka ce a'a ta bar ta, in aka ce e ta ja mata layi. Akwai wadda ta ware wa ruwan sama, ta ce mako biyu tana juya ta a baki don daɗinta. Wani Alhaji mai sayen citta da buhu, wanda ta koyar da 'ya'yansa, ya ce ya taɓa jin irinta a bakin Fulani. Nan take Malama ta soke ta. Ni kuwa ina gefe ina kallon hannun Alhajin, ko zai miƙa mata wata takarda a ɓoye. Goro ya ba ta.

Na ɗana mata tarko iri-iri. In tambaye ta kalma yau, in sake tambaya bayan wata guda ko za ta canza. Ba ta taɓa canzawa ba. In kawo mata zance mai wuya in ce ta juya shi. Sau ɗaya na kama ƙa'idoji biyu suna karo da juna, na nuna mata ina jiran ta daburce. Sai ta tafa hannu, ta kira 'yarta ta zo ta ji, ta gyara a gabana tana sa mini albarka. Ranar da haushi na koma gida.

Damina ta shigo ban sami komai ba, kwamitin zumunta kuma yana ta tambaya. Sai na rubuta cewa ban ga laifi ba tukuna, amma ban gamsu ba, gara dattawan ikilisiya su duba da kansu. Na je na ce wa Malama zan yi wa littafin hoto a gari in dawo da shi. Ta miƙo mini da hannu biyu. Na kai shi ofishin majami'a kai tsaye. Wani dattijo ya juya shi sama da ƙasa ya ce bayan abubuwan da garin nan ya gani, rubutun da ba mai iya karantawa ba shi da wuri a gidan Ubangiji. Aka kulle shi a kabad sai an yi zama a kansa. Ba a taɓa yin zaman ba. Da aka buɗe kabad ɗin bayan kaka, rufin ya yi yoyo, gara ta gama da abin da ruwa ya rage.

Na daina zuwa Kagoro. A sujada na koma zama can ɓangaren taga. Sau ɗaya ta tare ni a ƙofa.

"Sakatare, littafina fa?"

"Yana hannun dattawa, Mama."

Ta ce to, ta gyara ɗankwalinta ta wuce.

Wata safiya ina yanka yadi sai ga 'yarta a shago, ido ya yi ja.

"Anti, Mama ya faɗi. Gefe ɗaya ya mutu. An sallame mu daga asibiti, amma Hausa ya tafi, yarenmu ya tafi, Turanci ma babu. Akwai wani abu da yake ta faɗa, yau kwana uku. Mun ba shi ruwa, mun ba shi gwate, mun kira Fasto. Kuka kawai yake."

Na ajiye almakashi na bi ta. Ban san yadda aka yi ciwo ya kwashe yarukan da ta girma da su ya bar mata wanda ta ƙera ba, amma abin da na tarar ke nan. Tana kwance tana fuskantar bango, bakinta ya karkace. Ta faɗi kalmomi huɗu da ƙyar, na kuwa ji su sarai kamar uwata ce ta yi magana. Cewa take a juya ta, bayanta yana ciwo.

Muka juya ta. Bayan nata har ya fara salewa. Na durƙusa na gaishe ta da yarenta, na ce ga ni na zo. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ja waƙar farko da ta koya mini, na karɓa. Ba ta tambaye ni littafi ba, ran nan ko bayansa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da zan tafi 'yarta ta raka ni bakin hanya. Na fara kame-kame, ina so in gaya mata abin da ya kai ni gidansu tun farko. Ta tare ni.

"Anti, mun sani. Ai Mama ne ya je wurin shugaba kafin wancan miting, ya ce in suna shakka su turo Sakatare. Na ce mishi me ya sa ita, matan da ba ya yarda da kowa? Ya ce masu son shi za su yaba, su sha kunu, su tafi. Ke kaɗai za ki karanta kowane shafi, don kina neman laifi."

Na tsaya a bakin titi, mashin yana ta yi mini hon. Kunya ta kama ni, haushi ya kama ni. Wata da watanni ina ɗana wa tsohuwa tarko, ashe ni ce a ciki tun ranar farko.

Kullum na riƙa zuwa har Allah ya ɗauke ta. Ni nake gaya musu in tana jin sanyi, ni nake gaya musu in gishiri ya yi yawa. Yanzu ina sake rubuta littafin daga takardun da na tara don in kai ƙararta, su kaɗai suka rage. Yaren ya koma baki ɗaya kamar da, bakin kuma nawa ne, ga furfura ta fara yawa.

Lahadin da ta wuce na miƙe a zumunta na ɗaga sabon littafin. Aka fara raɗa. Akwai wata a benci na uku, matar wani direba, tun da aka ba ni sakatare take hararata, ko sanarwa na karanta sai ta nemi ganin takardar da idonta. Da aka tashi na je na sami shugaba a bayan ofis, na ce in suna shakka su turo matar direban.