Madubin Hagu Ya Ƙi Ɗumi

Motar farko da na saya bayan na karɓi lasisin tuƙi ta hannu ce, an shigo da ita daga wata ƙasa mai sanyi. Akwai wani maɓalli kusa da sitiyari mai hoton madubi da layuka uku masu lanƙwasa, na yi wata biyar ban san aikinsa ba.

Na san shi ranar da na kai Innata Ɗa'ifa gaishe da ƙawarta. Lokacin hunturu ne. Muna hawa wani dutse mai kwana-kwana a hanyar sai hazo ya rufe mu, raɓa ta lulluɓe madubin gefe duka biyu, ba na ganin komai a bayana sai hasken fitilu. Inna ta kama salati. Ni kuwa cikin ruɗewa na danna duk abin da yatsana ya taɓa, har da wannan maɓallin. Ba a yi minti biyu ba madubin dama ya washe tas, kamar an goge shi da tsumma. Na hagu, wanda na fi buƙata, ko gezau.

Da muka dawo Makka ban cire abaya ba na haye bene wurin Kawu. Ƙanin Inna ne, a samanmu yake zaune a unguwar Misfala. Ya yi shekaru yana gyaran wutar mota a wata warsha, wato garejin gyara, a unguwar Kudai, sai idanunsa suka yi rauni ya dawo gida, kullum yana gefen taga da rediyonsa.

"Kawu, ashe madubin mota yana yin zafi da kansa?"

Ya kashe rediyon. "Wace motar?"

"Tawa! Na dama ya yi, na hagu ya ƙi."

Sai na ga fuskarsa ta sake. Ya ce duk zamansa a warsha sau biyu kawai aka kawo masa irin wannan aikin, don wa zai nemi ɗumama madubi a garin da ƙarfe ke ƙona hannu? Na ce to mu kai wa abokansa. Ya ce, "Waɗanne abokai? Ni ina da kai, ke kina da ido. Gobe bayan asuba, kafin rana ta taɓa motar."

Da sassafe na same shi a ƙofar gida ya riga ni, yana zaune kan kujerar roba, tsohuwar jakar kayan aikinsa a cinya. Na ce mu fara da fiyus, don na ji ana cewa shi ne ke ƙonewa. Ya girgiza kai.

"Yi tunani, ɗiyata. Fiyus ɗaya ke ba su wuta su biyun. Da ya ƙone, na dama zai yi?"

Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya kama ni, don na gane.

Ya sa na karkatar da gilashin madubin har ya buɗe baki, na zura yatsu a baya na ja a hankali. Ina lallaɓawa kada ya fashe. Ya yi ƙas, ya fito a tafin hannuna. A bayansa akwai wani siririn faifai mai zanen layuka, da wayoyi biyu a maƙale. Kawu ya shafa shi da yatsa ya ce wannan ne ke yin zafin. Ya miƙo mini fitilar gwaji, wata aba kamar sukundireba mai ƙwan fitila a ciki, ya ce in tada mota, in danna maɓallin, in taɓa wayar.

"Ta kama?"

"Ba ta kama ba."

"Madalla! Faifan ƙila lafiyarsa lau, wuta ce ba ta isowa. Riƙe nan, kada ki ɗaga." Ya miƙe ya kama ƙofar direba, ya riƙa buɗe ta yana rufewa sannu-sannu. Can sai fitilar ta yi wal, ta mutu.

Na yi ihu har maƙwabciyarmu ta leƙo ta taga. "Kawu, ta kama! Ta kama ta ɗauke!"

"Halas, shi ke nan, mun kama ɓarawon," in ji shi, yana dariya har da tari. Ya nuna mini wata roba mai kama da maƙogwaro tsakanin ƙofa da jikin mota. Na zame ta. Wayoyi ne cunkus, ɗaya a ciki ruwan ƙasa, fatarta ta tsage, zare biyu kacal suka rage a haɗe. Buɗe ƙofa da rufewa na shekaru ne suka cinye ta.

Ni na yanke ta, ni na fere bakinta, na ƙara guntuwar sabuwa. Wajen liƙa dalma sau biyu Kawu yana shafawa yana cewa in sake. A na uku ya ja wayar da ƙarfi, ba ta rabu ba, ya ce in naɗe da tef.

Na mayar da gilashin madubin wurinsa. Gwaji ya rage. Inna ce ta sauko da butar shayi tana tafasa, ta kara bakinta a madubin har ya yi fari fat. Na danna maɓallin. Mu uku muka sunkuya muna kallo. Wani ɗan fili ya buɗe a tsakiya kamar ƙwayar dabino, ya yi ta faɗi, sai ga fuskokinmu a ciki. Inna ta rangaɗa guɗa a tsakiyar titi, alhazan da ke dawowa daga Harami suka tsaya suna kallonmu.

Kawu ya ce ba zai hau bene ba sai na kai shi Kudai. Muka isa wajen azahar. Ya tara tsofaffin abokan aikinsa ya ce su taɓa su ji aikin ɗiyarsa. Ɗaya ya taɓa madubin, ya taɓa rufin motar, ya yarfe hannu ya ce wallahi shi duk zafi ɗaya ya ji. Kawu ya aika a ɗora butar shayi, su ga gwajin da idonsu.