Deok-chil da Farfela Mai Dogon Taku

Bang Deok-chil maƙwabcina ne tun muna yara, katanga ɗaya ta raba gidajenmu a tsibirin nan. Ban san abin da ya fi kowa iyawa ba, amma a son a ce shi ne na farko babu wanda ya kama ƙafarsa. In ana biki shi ke fara zama gaban abinci, in an yi rasuwa shi ke fara kuka. Ko allurar rigakafi aka zo yi wa tsofaffi, za ka tarar da shi a gaban layi ya riga ya naɗe hannun riga.

Sana'arsa irin tamu ce, noman dasima, ganyen tekun nan mai faɗi da muke raino a jikin igiyoyi. Kafin damina ake yanka, a loda a jirgi da sassafe, a kawo tudu a shanya. Sawu ɗaya ake yi a rana, don ganyen da bai sha ranar safe ba zai kwana da danshi, in kuwa ya kwana da danshi ya tashi aiki. Filin shanyar ma ba ɗaya ba ne. Na sama duwatsu ne, rana na wuni a kai. Na ƙasa gindin itatuwa ne, can ganye ke yin fumfuna, mai saye ya taɓa ya yatsina fuska. Tun kakanni, jirgin da ya fara taɓa gaɓa da kaya shi ke fara zaɓar wuri.

Deok-chil a tsakiya yake isowa, kuma yana samun wuri mai kyau daidai gwargwado. Wannan ne ya hana shi barci. Sai ya hau jirgin fito ya tafi garin Wando neman sabuwar farfelar injin jirgi.

Farfela iri-iri ce. Mai gajeren taku kaɗan take tura jirgi a kowane juyi, amma tana jan kaya kamar san noma. Mai dogon taku ta masu yawon shan iska ce, jirgi wayam take so. In ka ɗora mata nauyi, ƙaramin inji irin namu ba ya iya juya ta yadda ya kamata, sai gurnani da shan mai. Mai shagon ya tambaye shi me yake ɗauka a jirgin nasa. Shi da bakinsa ya ba mu labari, yana dariya, wai ya ce wa mutumin ba tarihin jirgi ya zo bayarwa ba, a ba shi wadda ta fi kowacce gudu.

Ya gwada ta a tashar jiragenmu, babu komai a jirgin sai shi da hularsa. Gaskiya ta yi gudu. Ya yi ta zagaye har ya watsa wa mata masu gyaran raga ruwa. Tsohuwar farfelar kuwa ya miƙa wa matarsa, Eom Sun-rye, ya ce ta danne murfin tulun kimci da ita, kabejin nan da muke tsimawa da barkono da tafarnuwa.

Na ce masa ya gwada da kaya tukuna. Ya dafa kafaɗata.

"Yaya, gobe in ka iso ka gaishe mini da inuwa."

Washegari ya riga kowa isa wurin igiyoyi. Da ya cika jirgi da ɗanyen ganye ya murɗa totur, sai hancin jirgin ya ɗaga sama, gindin ya nutse, injin ya kama nishi kamar tsoho a kan tudu. Ɗaya bayan ɗaya muka wuce shi. Har tsohuwa Ma, wadda mijinta ya rasu ya bar mata jirgi mai yoyo, ta rage gudu kusa da shi ta tambaya ko ta jefo masa igiya. Ranar a gindin itatuwa ya yi shanya.

Da yamma ina gyaran kwando a jikin katanga na ji su. Sun-rye ta wanke tsohuwar farfela ta ajiye masa kusa da kwanon shinkafa, farfelar tana ta warin tafarnuwa.

"Uwar Yeong-ja, so kike duk tsibiri su ce na yi kuskure?"

"Ai sun riga sun ce, uban Yeong-ja."

"To ba daga bakina suka ji ba."

Ya ɗora laifin a kan mai, ya ce an gauraya shi da ruwa. Ya ɗora a kan inji. Har ganyen ya zarga, wai na bana ya fi na bara shan ruwa. Ana cikin haka, wata safiya igiya ta tsinke masa, dole ya juyo da rabin lodi. Jirgin ya miƙe a kan ruwa ya tashi, ya riga kowa taɓa gaɓa. Mai hankali da nan zai gane inda ciwon yake. Shi ma ya gane wani abu, amma ba shi ba. Tun daga ranar rabin lodi yake yi.

Kullum shi ne na farko. Yakan tsaya a filin sama, hannu a ƙugu, yana zaɓar wuri kamar mai zaɓen amarya wa ɗansa. Ganyen nasa ba ya rufe ko kusurwa ɗaya, na biyu da na uku su zo su shimfiɗa cikakken lodinsu a gefensa, a kan duwatsun nan dai, a ƙarƙashin ranar nan dai.

Sun-rye ta ga kwanaki na tafiya, igiyoyinsu kuma ba su ragu ba. Ta zo ta roƙe ni in riƙa ɗebo musu kaɗan a jirgina. Na yarda. Da ya ji, ya ce ganyensa ba zai shigo tasha a bayan na kowa ba, ko a jirgin wa yake.

Damina ta sauka, ruwan teku ya ɗumama. Rabin gonarsa na nan ba a yanka ba. Ganyen ya yi laushi, ya huhhuje, ya riƙa zubewa daga igiya da kansa. Abin da ya shanya mai kyau ne, ban hana shi wannan ba, sai dai bai kai ya riƙe gida zuwa baɗi ba.

Da sanyi ya shigo, Sun-rye ta kama aikin ƙodago a gonar wasu a tsibirin da ke kallonmu, tana ɗaurin igiya da hannuwa duk sun tsage. Shi yake kai ta kowace safiya a jirgin, ita kaɗai da ƙunshin abincinta. Masu gonar sun ce ba ta taɓa makara ba.