Maganar da Aka Sa wa Yayata a Baki

Tun a mota, daga filin jirgi zuwa Pantai Dalam, ɗana ya roƙe ni. Na zo Kuala Lumpur ne taya matarsa jego. Ya ce, "Hajiya, mutanenmu na nan duk malamai ne da matansu. Don Allah kada a ɗauko zancen Inna."

Innar da yake nufi yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta hau dandamalin wasan kwaikwayo tun zamanin da maza ke ɗaura zane su fito a mata, don babu macen da za ta yarda. Daga nan ta shiga fim. Dangi suka daina haɗa kwano da ita, amma in an hasko ta a talabijin ɗin mai unguwa, su ne a sahun gaba. Ba ta iya karatu ba, ni ma haka. Sai a karanta mata takardar wasan sau biyu, ta dawo gida tana maimaita mini ina tankaɗe, ni ina amsa na namijin. Har ta koma ga Allah ban ji wani a gidanmu ya ce mata sannu ba.

Na ce masa to, na haɗiye.

Ranar suna falo ya cika, mu mata muna daga bakin ƙofar kicin. Bayan an ci abinci, wani mai gemu da ke neman digiri a kan tsofaffin wasannin kwaikwayo ya ce zai nuna wani tsohon fim. Wai muryar ta lalace, amma ya bi motsin baki ya gano abin da ake faɗa.

Sai ga yayata a cikin fim ɗin. Zanen da ke jikinta na lefena ne, aro ta yi, ba ta dawo da shi ba. Tana tsaye gaban wani mutum tana nuna ƙofa. Mai gemu ya ƙanƙance murya yana fassarawa: wai mace ce mai zaman kanta, tana roƙon kada saurayi ya tafi. Aka kwashe da dariya. Wata a gefena, baki cike da cincin, ta ce, "Irin matan nan sai dai Allah ya yafe musu."

Tana raye an zage ta da abin da ta faɗa. Yanzu tana kabari za a zage ta da wanda ba ta faɗa ba?

Na ratsa maza na tsaya gaban talabijin.

"Malam, wa ya gaya maka haka ta ce?"

"Bincike ne, Hajiya."

"Mijinta ne wannan. Cewa take, ko ka ba ni izini ko ka hana, yaron nan asibiti zai kwana. Mayar da shi baya ka dubi bakinta."

Ya ce, "Hajiya ta san matar ne?"

Ɗana na duba, don shi na yi wa alkawari. Ya ɗago kai daga kallon kafet. Sannan ya miƙa hannu ya karɓi rimot ɗin.

"A gidanta aka yaye ni," ya ce.

Ya mayar da fim ɗin farko. Yayata ta buɗe baki, ni na ɗauko maganar, tiryan-tiryan har ƙarshe, da nata da na namijin.