Kaza Mai Jan Zare a Ƙafa

Akwai wata safiya a rayuwata da ko na so in manta da ita, ita ba za ta bar ni ba. Har yau in na ga kaza da jan zare a ƙafa, sai kunya ta lulluɓe ni kamar jiya abin ya faru.

Ƙauyenmu yana kan tudu a ƙasar Ngaski, daga ƙofar gidanmu ana hango ruwan Kainji yana sheƙi. Marigayi babanmu shi ne na farko a zuri'armu da ya bar tsafin gida ya bi Yesu. Yayansa, wanda muke kira Baffa, shi ya ci gaba da riƙon matsafar da ke gindin tsamiya a bayan gari. Ni kuwa a coci na tashi, ina cikin mawaƙa, ina rubuta 'yan waƙoƙin yabo, ina ganin bangaskiyata ta kai ta kawo. Ashe ba a taɓa gwada ta ba ne.

Ina gida hutun makaranta, yayana ya shiga kwale-kwale da buhunan gero zai kai kasuwar Warra. Iska ta taso, jirgin ya kife. Aka tsamo wasu, shi ba a gan shi ba. Matan zumuntar coci suka cika gidanmu da addu'a. Na yi ta yi tare da su har muryata ta dushe, ruwa bai ce komai ba, sama ma ta yi shiru. Sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta raɗa mini cewa a da, in ruwa ya riƙe mutum, kaza ake kai wa matsafa ya sako shi.

To, Inna tana da wata al'ada. Kowace shekara takan zaɓi kazar da ta fi kyau, ta ɗaura mata jan zare a ƙafa, ta ce wannan ta godiyar kaka ce, ta Ubangiji ce. Ko baƙo aka yi ba a yanka ta. A wannan shekarar annoba ta kwashe sauran, ita kaɗai ta rage. Da sassafe na kama ta, na rufe da zane, na bi bayan gari. A hanya ina ce wa kaina ai ban bar Yesu ba, taimako kawai zan nema. Haka mutum yake yi wa kansa ƙarya da murya mai laushi.

Na tarar da Baffa yana gyaran fartanya. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ɗiyar ƙanena, mi ya kawo ki nan?"

"Baffa, so nake ruwa ya sako mini yayana."

Ya karɓi kazar, ya juya ta, sai idonsa ya sauka kan zaren. Ya daɗe yana kallonsa.

"Innarki ta san kin zo?"

Na girgiza kai.

"Wagga kaza tana da mai ita," in ji shi. "Ni na kori ubanki daga gonar gado. Na fasa mashi kai da ƙotar gatari, bai juyo ba. Ranar da ɗiyarshi ta fari ta mutu na aika ya zo, ya ce Allahnshi ya ishe shi. Ke kuwa har kin gaji? Ni ban bi hanyarshi ba, amma ba ni taɓa abin da anka ba wani. Tashi ki maida."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Wanda na ɗauka zai buɗe mini ƙofar fita, shi ya tuna mini ko 'yar wa ce ni. Na koma gida ina kuka, na saki kazar a tsakar gida, ban gaya wa kowa ba.

Daga baya masunta suka sami gawar yayana a cikin ciyawa kusa da wani gungu, wato tsibiri. A bakin kabari Inna ce ta ɗaga waƙa, ta kuma kai ta har ƙarshe.

Da ranar godiyar kaka ta zo, ana ta shiga coci da dammunan dawa da ƙwaryar gyaɗa, Inna ta kama kazar ta miƙo mini.

"Ungo, ke za ki kai ta gaba," ta ce a hankali, "tunda kin saba ɗaukarta."

Na karɓe ta. Na taka har gaban bagade, kaina a sunkuye, hawaye na ɗiga kan gashin kazar.

Na sha tunanin abin da zai faru da Baffa ya yanka ta. Da an sami yayana da rai, da tsamiya zan riƙa yi wa godiya har abada. Da an same shi a yadda aka same shi, da na rasa shi, na kuma rasa Wanda zan kai wa kukana. Abin da na koya ke nan: ranar da Allah ya yi kamar ya yi shiru, ranar ce ba a sakin hannunsa.