Kwamin Kanwa a Gindin Ɗorawa

Har yau ban manta da makon da shanun Arɗo Buba suka kusa kunyata ni ba. Lokacin ina ƙaramin jami'in kiwo a Lafia, shekarata ta biyu a aiki, aka ba ni gwajin kiwon karɓa-karɓa a wani fili bayan Kwandere. Ga wanda bai san tsarin ba, ana raba filin kiwo gida huɗu da waya. Shanu su yi mako guda a yanki ɗaya, a matsar da su gaba, inda suka bari ya huta ciyawa ta sake tofowa. Saura kwana goma darakta ya zo dubawa, kuma abin da zai gani a yanki na farko shi zai sa a ci gaba da shirin ko a soke shi.

Ranar Litinin na matsar da garken zuwa yanki na biyu. Talata da safe na tarar da waya a ƙasa, shanu sun koma inda suka baro. Na gyara. Laraba suka sake. Na ƙara turaku, har na rubuta wa ogana cewa wayar ce ba ta da ƙwari. Duk wannan Arɗo yana zaune a kan buzunsa yana kallona.

Ranar Alhamis haƙurina ya ƙare.

"Baba Arɗo, shanun nan naka ba sa jin magana ne?"

"Likita, ai su ba su yi boko ba. Kai ka yi."

"To me suke nema a can? Ga ciyawa nan har gwiwa."

"Yau kwana uku ina jiran wannan tambaya. Ranar Litinin na buɗe baki, ka ce komai yana cikin takarda."

Ya ja ni zuwa gindin wata ɗorawa a tsohon yankin, ya nuna mini kwamin da suke lasar kanwa.

"Ka kwashe su, ka bar kanwarsu a baya. Kai ma in aka mayar da ofis ɗinku Akurba, mai tuwonka tana nan, ina za a gan ka da azahar?"

Mu biyu muka ɗauki kwamin, shi yana dariya, ni ina gumi. Ba su ƙara taɓa waya ba.

Da darakta ya zo, ciyawa ta tofo, sai dai ga sawun shanu ya miƙe zuwa ɗorawa. Ya tambaya, na ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne," na ba shi labari. Ya murmusa, ya amince a ci gaba, ya kuma sa na ƙara layi ɗaya a ƙa'idar aiki: a fara kai kanwa da ruwa kafin a kora garke.

Tun daga ranar, duk rugar da na shiga, sai na zauna na ji ta bakin mai shanu kafin in kafa turke ko ɗaya.