Agwagin Cima da Wuƙar Maiguwa

Cima taubashiyata ce, 'yar kawuna, don haka ina da ikon faɗin gaskiya a kanta. Gajera ce, ga taurin kai, kuma har ta bar duniya ba ta iya tuƙin tuwo ba. Mijinta Haruna ya yi shekara talatin yana cin gudaji bai taɓa ƙorafi ba. Amma in akuya ta kumbura ko tunkiya ta ƙi kiwo a ƙauyenmu, can gabas da Allakaye, gidan Cima ake nufa da gudu. A wurin kakarta ta wajen uwa ta gaji wannan hannun, wata Bafillatana da ta tsufa tana kiwo a kwarin Azarori.

Agwagi kuwa Haruna ne ya jawo mana su. Shekara biyu bayan yunwar fara ya tafi cin rani Sakkwato. Sauran maza suka dawo da zannuwa da goro, shi ya dawo da kwando a ka, ciki da toron agwagwa ɗaya da macensa. Mun sha dariya har da riƙe ciki. Ƙasar da dutse ya fi ƙasar noma yawa, rijiya gaba goma sha biyar, ina za a kai tsuntsun ruwa? Cima kuwa ta karɓi kwandon. Ta binne tsohuwar kwatarniya a gindin aduwar tsakar gidanta, ta ƙara tulu guda a kan ɗibar ruwanta na kullum. Kafin shekara bakwai agwagi sun kai goma sha ɗaya, ga kuma wata dinya, babbar agwagwar daji, da aka tsinto ƙwanta a ciyawar bakin tabki, agwagwa ta kwanta masa ta ƙyanƙyashe. Lokacin yaƙin Turawa, da komai ya yi wuya a kasuwa, da ƙwan agwagin take musanyo gishiri da kanwa a Tamaske. Kowacce ta sa mata suna, tana yi musu faɗa kamar 'ya'yan cikinta, mu kuma muna cewa ta zautu.

A bazarar shekara ta uku da fara yaƙin abin ya faru. Tabkinmu ya janye, saura caɓi. Jakin wasu fatake ya maƙale a ciki ya mutu, kowa ya ce ba nasa ba ne, aka bar shi ya ruɓe har tsutsa ta cika wurin. Agwagin Cima suka gano wannan liyafa, suka ci suka ƙoshi.

Da hantsi na shiga aron rariya, na tarar da abin da ya sa na manta abin da ya kawo ni. Duk sha biyun suna zube a tsakar gida, ido a buɗe, suna numfashi, amma wuyan kowacce ya saki ya kwanta a ƙasa kamar jiƙaƙƙiyar igiya. Dinyar nan mai korar karnuka ko kai ba ta iya ɗagawa. Cima na tsugunne a tsakiyarsu, ta matsa maƙoshin toron, tsutsa ta fito da wari. Nan ta gane guba suka haɗiya.

Kafin in rufe baki labari ya zagaye gari. A wurinmu in dabba ta kama hanyar mutuwa ba a tsayawa jimami, wuƙa ake nema kafin ta zama mushe. Sai ga Baba Maiguwa, mahaucin garin, yana tafe yana wasa wuƙa a tafin hannu, maza na biye da shi. Rabon gari da nama tun layya. Wasu matan har sun fara cigiyar daddawa, kuma ba zan ɓoye ba, ni ma na hango cinyar toron nan a cikin miyata.

Cima ta miƙe ta tare ƙofa da ɗan jikin nan nata.

"Baba Maiguwa, mai da wuƙakka kube," in ji ta. "Ba mutuwa su kai ba, wuyansu na yas saki. Kuma abin da yak kada su, shi za ku zubawa cikin tukunya?"

Maiguwa ya ce wuta na cinye kowace guba, shi dai kada a yi asarar halal. Aka yi ta ja-in-ja, sai Haruna ya raba gardama. Ya dubi matarsa ya ce, "Na ba ki yau. Gobe in rana ta yi tsaka ba su tashi ba, kak ki sake tsayawa gaban wuƙa."

Ta ce ta yarda, ta juya ta kama aiki kamar mai kashe gobara. Ta ja su inuwa ɗaya bayan ɗaya, ta ciro kwatarniyar ta kife don kada wata ta jefa kai ciki ta nutse. Ni ta ɗora ni kan turmi ina dakan gawayi. Ta aika rugar Kadijatu Bafillatana a karɓo nono mai tsami, ta dama da garin gawayin da ruwan rijiya mai sanyi, yadda kakarta ke yi wa akuyar da ta ci mugun ganye. Ta yi wa 'ya'ya shida ɗura, don haka ta san kan abin: ta ɗaga kai, ta buɗe baki da yatsa, ta ɗiga kaɗan, ta shafa maƙoshi har ya wuce.

Matsalar ita ce da ta saki kan sai ya faɗi, baki ya nutse cikin ƙasa, abin da ta ɗura ya dawo ta hanci. Hannu biyu gare ta, wuya sha biyu. Ta dudduba, sai ta fizgo gammonta na ɗaukar tulu, ta tura ƙarƙashin wuyan toron. Kan ya zauna daram, baki a sama.

"Zali, ruga rijiya!" ta ce da ni. "Duk macce da kig gani, amso min gammonta."

Na ruga kuwa, zane a hannu. A bakin rijiya na yi ta cire gammaye daga kawunan mata, wata da roƙo, wata da ƙwace. Furera matar liman ta biyo ni da zagi har ƙofar gida, da ta leƙa ta ga abin da ake yi sai ta tsaya ta kama mana kai. Ran nan matan garinmu a kan tsurar ƙoƙon kai suka ɗauki tulu. Agwagi suka jeru a gindin aduwa, kowacce da matashinta, dinya kuwa sai da aka ɗora mata uku saboda tsawon wuya. Yara da manya suka cika kan danga suna kallo, ana dariya ana addu'a.

Kafin la'asar biyu suka mutu a kan gammonsu, ba yanka. Maiguwa ya ja su da sanda ya kai bayan gari. Liman ya aiko cewa dukiya amana ce, barinta ta zama mushe da gangan akwai alhaki. Masu dariya suka koma gunaguni. Na ga Cima ta goge ido da gefen zane, ta ci gaba da ɗura. Da safe ta uku ta bi su. Ni kaina na ce mata ta haƙura, ta harare ni.

Rana ta take tsaka, inuwar aduwa ta dawo gindinta, babu wadda ta tashi. Maiguwa ya shigo, wannan karon ba wasa a fuskarsa. Cima mai taurin kai ce, amma ba ta saɓa alkawari. Da hannunta ta ɗauko toron, wanda ya zo daga Sakkwato cikin kwando, ta miƙa masa, ta juya fuskarta ga danga. Tausayinta ya kama ni har na ji kunyar miyar da na yi tunani jiya.

Maiguwa ya fuskanci gabas, ya take fukafukai da ƙafafu, ya kama kan ya miƙe wuyan. Ya ɗora wuƙa. Sai muka ga ya tsaya. Ya sassauta hannu, ya sake ja, ya sake tsayawa. Haruna ya tambaye shi ko wuƙar ce ta dakushe.

"Haruna," in ji shi, "shekara arba'in ina kama wuya. Wanda za shi mutuwa ba shi ja da ni. Wanga shina ja."

Ya buɗe hannunsa gaba ɗaya. Kan toron ya yi rawa, ya yi ƙasa, sannan ya tsaya a iska shi kaɗai, ba gammo ba hannun kowa. Ban san lokacin da guɗa ta kuɓuce mini ba, matan kan danga suka amsa, gari ya ɗauka. Cima ta juyo ta duba, ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya hawaye na zuba.

Tara suka rayu har da dinyar, amma wannan sai bayan kwana uku muka tabbatar. Daga shekarar nan kuma har daga Buza ake kawo mata kaji da zabi a kwando. Abin da na gani da idona a tsakar ranar nan shi ne Maiguwa ya mai da wuƙa kube, ya naɗe hannun riga, ya tsuguna gaban dinyar, ya ce a miƙo masa ƙwaryar gawayi. Ya damƙi kanta irin damƙar da ya saba. Cima ta rarrafo ta buge masa hannu.

"Sannu-sannu, Baba," ta ce. "Ba yanka za ka yi ba."