Ranar da ƙuri'a ta haɗa ni da surukina

Wata uku na yi ina haddace buɗin Italiya, wani salon fara wasa, saboda gasar ces, wato darar Turawa, ta 'yan koyo da aka shirya a wata makaranta a Tarauni. A kan allon, soja ya yi taku biyu, doki ya fito, giwa ta bi bayansa. Har a cikin Adaidaita Sahu bitarsa nake yi.

Ranar gasa na duba takardar da aka manna a bango don in ga da wa zan kara. Da mahaifin matata aka haɗa ni. Shekara takwas ina zuwa gidansa a Gyaɗi-Gyaɗi, in tuɓe takalmi tun daga zaure, in durƙusa, ya ce "Madalla," in tashi. Iyakar hirarmu ke nan, kuma abin yana damuna. Ban ma san yana wasan ba.

Na isa teburin na durƙusa. Alƙaliyar wasa, wata malama Bayarabiya, ta ce in hau kujera mu yi musabaha. Na miƙa hannu biyu, idona a ƙasa.

Buɗin ya tafi yadda na haddace. Amma ta yaya mutum zai kai wa sarkin surukinsa hari a gaban jama'a? Sai na yanke shawarar in faɗi wasan cikin ladabi. Na ajiye dokina inda sojansa zai cinye shi. Bai ci ba. Na sake kai masa. Ya gyara tabarau, ya matsar da wani soja can gefe. Tausayinsa ya kama ni, na ce a raina tsufa ya taɓa idon Baba.

A karo na uku ya sunkuyo, ya yi ƙasa da murya.

"Kai, sadakar doki na ce maka ina nema? Raini ne wannan. Yi wasa."

Kunya ta rufe ni. Na gyara zama, na zuba duk abin da na sani, har gumi na keto mini. Bai ɗauke shi minti goma ba ya kashe sarkina, yana wasa da carbinsa.

Da muka fito na sake shirin durƙusawa, sai ya riƙo kafaɗata.

"Giwarka tana fita da kyau, sauran duk shirme ne. Ranar Asabar ka zo da allonka. Zan sa a fito maka da kujera."